Darasi na Goma Sha Ɗaya: Dattijo Daga Mabera Zuwa Gandun Yankari

A ranar 29 ga Agusta, 2019, aka ba da rahoton wani majinyaci a Kano da ke ɗauke da cutar shawara. Da jami'an lafiya suka bi sawunsa, sai suka tarar bai daɗe da dawowa daga Gandun Namun Daji na Yankari ba, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Ba a jima ba aka ji labarin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Waka-Biu a jihar Borno, waɗanda su ma suka je Yankari yawon karatu a cikin wannan wata. Wasunsu sun koma gida da zazzaɓi, wasu daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar NCDC, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya, ta tura ma'aikatanta, aka kuma yi gangamin rigakafi a Alkaleri.

Waɗannan ɗalibai matasa ne masu jini a jika, kuma ba giwa ce ta taka su ba, ba zaki ne ya far musu ba. Sauro ne. In haka ta faru da samari da 'yan mata, to ina ga mai shekara sittin da biyar, wanda ya riga ya saba da maganin hawan jini kowace safiya, gwiwa kuma ta fara yi masa gardama wajen tashi daga sujada?

A Mabera, cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, akwai irin waɗannan dattawa da dama: malaman makaranta da suka ajiye alli, ma'aikatan gwamnati da ke karɓar fansho, 'yan kasuwar da suka miƙa wa 'ya'ya shago, da iyaye mata da suka gama aurar da 'ya'yansu. Wasu sun shekara talatin suna koya wa yara sunan Yankari a aji ba su taɓa sa ƙafa can ba. In ɗa ko 'ya suka sami hali suka ce za su kai tsoho ya ga giwa da idonsa, abin farin ciki ne, kuma bai kamata a hana shi don yawan shekaru kawai ba. Sai dai tafiyar tana da shiri, kuma mafi yawan shirin a gida ake yin sa, makonni kafin a tayar da mota.

Me ya sa Yankari?

Domin sauran wuraren da suka fi kusa da Sakkwato ba su shiguwa yanzu. Dajin Kuyambana a Zamfara da gandun Kamuku a Birnin Gwari sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Gandun Tafkin Kainji ma ya sha fama da mahara. A ƙetaren iyaka, gandun W na Jamhuriyar Nijar yana cikin yankin da masu ɗauke da makamai ke kai-kawo, kuma a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa kusa da Yamai, an kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a ranar 9 ga Agusta, 2020. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yankari kuwa har yanzu yana karɓar baƙi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa akwai ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a Najeriya, ga ɓauna, gwanki, kanki, dorina, kada, gadu da birai iri-iri, har da 'yan zakunan da ba kasafai ake ganinsu ba. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, dabbobi kan taru a bakinsa neman ruwa. Lokacin nan ne ya fi daɗin kallo. Ga dattijo, Janairu da farkon Fabrairu sun fi sauƙi, kafin bazara ta kunno kai. Amma ko Alkaleri ma an sha kai hari a wasu ƙauyukanta a 'yan shekarun nan, don haka a kira masu kula da gandun a ji halin da ake ciki kafin a sa rana, a sake kira ana gobe tashi.

Katin nan mai ruwan ɗorawa

Ga abin da mutane da yawa a Sakkwato ba su lura da shi ba. A ƙarshen Nuwamban 2018 an yi babban gangamin allurar rigakafin shawara a jihohin Sakkwato, Kebbi, Neja, Filato, wani sashe na Borno da Abuja. Amma waɗanda aka nufa su ne daga ɗan wata tara zuwa mai shekara 44. Wato an yi wa 'ya'ya da jikoki, kaka yana zaune a ƙofar gida yana kallo. Gidan da kowa ke cewa "ai an yi muna", sau da yawa tsohon gidan ne kaɗai ba a yi wa ba, kuma shi ne za a kai daji.

Wanda ya sauke farali yana da sa'a. Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci daga Najeriya sai da shaidar rigakafin shawara, don haka Alhaji ko Hajiya su binciki jakar takardunsu su nemo katin nan mai ruwan ɗorawa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma daga Yulin 2016 dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa suka daina neman a sabunta ta duk shekara goma. Sai dai sharaɗin shi ne a ce allurar ta shiga jiki da gaske. Akwai masu sayen kati a hannun 'yan ƙumbiya-ƙumbiya ba tare da an taɓa su da allura ba. Irin wannan kati yana iya wuce jami'in filin jirgi, amma babu abin da zai hana sauro. Dattijon da ya san haka katinsa ya samu, ya faɗa wa likita gaskiya.

Wanda bai taɓa yi ba fa? A nan sai an yi hattara. Allurar shawara tana da inganci ƙwarai, amma wanda ya haura shekara 60 kuma zai karɓe ta karo na farko ya fi matashi fuskantar haɗarin mummunar illa, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. Ba a yi wa wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai shan maganin sankara, ko wanda cin ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani. Saboda haka ba ɗa ne zai yanke hukunci ba, ba kuma mai kemis na bakin layi ba. Likita ne zai auna haɗarin allurar da haɗarin tafiyar. In ya ce a yi, to a yi aƙalla kwana goma kafin tashi, domin kafin nan jiki bai gama ɗaura ɗamara ba. In ya ce kada a yi, sai iyali su zauna su sake shawara a kan tafiyar baki ɗaya.

Sauron da ke kawo shawara da rana yake cizo, na zazzaɓin maleriya kuma daga magariba zuwa asuba. Gidan sauro shi kaɗai bai wadatar ba ke nan. Ana bukatar man shafawa mai korar sauro da tufafin da suka rufe hannu da ƙafa.

Ganin likita da jakar magani

Wata guda kafin tafiya, a kai dattijo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko duk inda ya saba ganin likita. A auna jini, a auna suga, a saurari ƙirji. A faɗa wa likitan ainihin abin da za a yi: kwana biyu a mota, girgiza a hanyar daji, hawa da saukar matakala, zafin rana. Wanda bai daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ba, ko wanda numfashi ke yanke masa in ya taka daga gida zuwa masallacin unguwa, a ɗage tafiyarsa. Kada kuma a sauya wa mutum magani ana saura kwana biyu, domin in sabon bai karɓe shi ba, a daji abin zai bayyana.

Magani a ɗebi wanda zai wuce kwanakin tafiya da mako guda, a bar shi cikin kwalinsa mai suna, a raba shi gida biyu: rabi a aljihun mai shi ko jakar hannunsa, rabi a hannun wanda ke rakiya. Kada a jefa shi a but ɗin mota, inda zafi ke dafa kaya. Mai allurar insulin ya fi kowa bukatar kula, domin zafin da ya haura digiri 30 yana rage mata ƙarfi, ƙanƙara kuma tana lalata ta. A sa ta a ƙaramar kula mai sanyi, a naɗe ta da ƙyalle don kada ta taɓa ƙanƙarar, kuma kada a dogara da cewa za a sami wuta da firji dare da rana a masauki.

Sannan a rubuta takarda guda: sunan dattijo, shekarunsa, ciwon da yake da shi, sunan kowane magani da yadda ake shan sa, maganin da ba ya karɓarsa, da lambar wayar mutum biyu. Wannan takarda ita za ta yi magana a asibitin Alkaleri ko na Bauchi in mai ita ya kasa. "Wani ɗan fari ne ƙarami, rabi nike sha" ba zai taimaki likitan da bai taɓa ganinsa ba. Mai tabarau ya riƙe na biyu.

Hanya

Daga Sakkwato zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake a tsakiyar gandun, tafiyar ta haura kilomita 800. Mota za ta bi Dange, Tureta, Talata Mafara, Gusau, Tsafe zuwa Funtua, daga nan ko a yi Kano a bi ta Ningi, ko a yi Zariya a bi ta Jos, a faɗa Bauchi. Daga Bauchi a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take, sannan a ƙara kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a kai Wikki.

Kowa a Sakkwato ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtua take ciki. An sha tare matafiya a sace su. Matashi kan iya tsere ko ya jure tafiyar ƙasa a daji. Mai ciwon suga da aka raba da maganinsa ba zai kai labari ba. Wanda ke da hali ya hau jirgi daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku zuwa Abuja, daga can ya nemi hanyar Bauchi. Kuɗin da yawa, amma ga marubucin wannan darasi, in kuɗin jirgi bai samu ba kuma labarin hanya bai yi daɗi ba, gara a jira wata shekara. In ta mota za a bi, a tashi bayan gari ya waye, a tambayi direbobin tasha labarin hanya a safiyar ranar, kada magariba ta riski kowa a tsakanin garuruwa, kuma a raba tafiyar kwana biyu, a kwana Kano ko Zariya. A adana lambar 112 ta neman agajin gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra.

Akwai wani haɗarin da ba a ganinsa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye, a jirgi ne ko a mota, yana ninka yiwuwar jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Tsufa, ƙiba da tiyatar da ba a daɗe da yi ba suna ƙara haɗarin. Alamarsa ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa ya riƙa ciwo. In gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗau ciwo, kuma wannan na asibiti ne nan take, ba na tausa da man zafi ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a tsaya duk bayan awa biyu a wuri mai jama'a, dattijo ya sauko ya taka, in yana zaune kuma ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. A ba shi kujerar gaba, ya ɗaura bel. Motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya ba ta tsoho ba ce a irin wannan nisa.

Addini ma ya sauƙaƙa. Matafiyi yana da ƙasaru, yana da damar haɗa salloli, kuma an yi masa rangwamen azumi. Dattijon da ya saba azumin Litinin da Alhamis ya ajiye shi har ya dawo gida.

Ƙishirwa da kunya

Basakkwace ba ya tsoron rana. Wanda ya rayu a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu zai yi dariya in aka ce ya yi hankali da zafin Bauchi. Amma a gida yana da inuwar zaure, ga randa kusa, ga ƙailula. A bayan buɗaɗɗiyar mota cikin daji babu ko ɗaya. Kuma jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro. Ruwa kan ƙare masa bai sani ba. Masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, sun fi saurin bushewa.

Sai kuma abin da littattafan likitanci ba su cika faɗa ba, wato kunya. Dattijo da yawa suna da matsalar yawan fitsari, maza saboda kumburin da ke matse mafitsara in shekaru sun ja, mata saboda raunin mara bayan haihuwa da yawa. Mutumin da ke tafiya da surukarsa a mota ba zai iya cewa a tsaya sau biyar ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙi shan ruwa tun asuba. In ɗansa ya juyo ya ce, "Baba, a ba ka ruwa?" sai ya ce, "A'a, bari dai." In aka ce, "Inna, ya jikin?" amsar ɗaya ce: "Lahiya lau, alhamdu lillahi." Kawaici ne, tarbiyya ce, kuma a kan hanya yana iya kai mutum asibiti.

Hanyar fita ita ce kada a bar wa tsoho nauyin roƙo. Mai tuƙi ya riƙa tsayawa da kansa, ya ce shi ne ke son miƙe ƙafa. A miƙa ruwa ba tare da tambaya ba. In akwai jika mai wayo a tafiyar, a ɗora masa aikin tuna magani da ruwa, domin wasan da ke tsakanin jika da kaka ya ba shi bakin da ɗa ba shi da shi. Jika zai iya cewa, "Tsoho, shanye wannan ko in ƙwace amaryar taka," a yi dariya, a shanye. Fitsarin da ya yi ja kuma ya ƙaranta alama ce ta ƙarancin ruwa. Amma wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ya tambayi adadin da zai sha tun kafin ya bar Sakkwato.

In gudawa ta kama shi, a haɗa ruwan gishiri da suga na leda da ake sayarwa a kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba suga ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe kan cokalin kada ya yi tozo. In kuwa mutum ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, ya kasa gane mutane, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Mai ciwon suga yana da tasa matsalar. Tafiya kan rikita lokacin abinci, kuma wanda ya sha irin su Daonil ko ya yi insulin sannan bai ci ba, suga zai faɗi. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da ruɗewa su ne alamu. Dabino, suga ko lemon kwalba mai zaƙi su kasance a aljihu kullum. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki; a kwantar da shi ta gefe a nemi taimako.

A cikin gandun

Ana fita kallon dabbobi da safe da kuma yamma, a mota, tare da ɗan rakiya na gandun. Dattijo ya zaɓi fita ɗaya a rana, ta safe ta fi. Da hunturu sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota yana ratsa ƙashi, ƙura kuma tana tayar da asma, don haka rigar sanyi, takunkumi da abin shaƙa na mai asma su kasance a hannu. Hanyoyin ciki na ƙasa ne masu gargada. Mai ciwon baya ya zauna kusa da direba, ya sa matashi. Hawa da sauka daga doguwar mota a yi shi a hankali, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Karayar ƙugu ga mai shekara saba'in kan kwantar da shi watanni, wani ma ba ya sake tashi.

Tufafi ma abin dubawa ne. Yankari akwai tsando, ƙudan nan mai cizo da zafi wanda makiyaya suka sani da kawo wa shanu sammore. Shuɗi da baƙi ne ke jawo shi, shi ya sa masu yaƙi da shi ke ɗinka tarkonsa da ƙyalle mai waɗannan launuka. Shuɗiyar shaddar da Alhaji ke ji da ita da baƙin hijabin Hajiya su zauna a akwati. A sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai ɗan kauri. Babbar riga da hijabi mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa a matakala, silifas kuma yana zamewa. Jamfa da wando, takalmi sau-ciki da safa, malafa da sanda sun fi dacewa.

Dokar dabbobi gajera ce: ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ce, ba a ihu, ba a matsa wa giwa mai ɗa, ba a zuwa bakin kogi inda dorina da kada suke. Dabbar da baƙo zai fi cin karo da ita a sansanin Wikki ita ce gwaggon biri. Waɗannan birai sun saba da mutane, suna fizge leda a hannu, suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe, kuma leda mai magani da leda mai biskit duk ɗaya ne a wurinsu. In biri ya kama abu, a sakar masa. Tsohon da ya tsaya ja-in-ja da shi zai faɗi ko ya sha cizo. In an yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a tafi asibiti don allurar haukan kare.

Ruwan ɗumi na Wikki shi ne abin da kowa ke ɗokin gani. Garau yake, ana hango yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma mai ciwon gaɓoɓi zai ji daɗinsa. Sai dai a ƙasan tudu yake, sai an sauka matakala mai tsawo, kuma duk wanda ya sauka sai ya hawo. A huta a tsakiya, a riƙe hannu. Wani sashen ruwan ya kusa mita biyu, ya shanye tsayin mutum, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda bai wuce ƙugu ba. Mai shan maganin hawan jini ya fito sannu a hankali, ya zauna kaɗan kafin ya miƙe, don jiri. Mai ciwon suga da ke da miki a ƙafa kada ya shiga.

Da dare ba a fita babu tocila da rufaffen takalmi. Yankin Bauchi da Gombe gidan kububuwa ne, macijin da dafinsa ke hana jini daskarewa, har Kaltungo ta jihar Gombe ta yi suna da asibitin masu saran maciji. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen mai magani. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti, a kuma gaya wa likita in yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Tun ranar isowa ya kamata mai rakiya ya san inda motarsu take kwana, da mai a cikinta, da wurin da waya ke kamawa, domin daga Wikki zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi ya haura kilomita ɗari. Abinci kuma a rufe shi, saboda Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ya fi addaba da rani.

Wanda 'ya'yansa suka ɗauki nauyin kai shi Masai Mara a Kenya ko Serengeti a Tanzaniya, duk abin da aka faɗa ya hau kansa, da ƙari uku. Za a nemi katin shawara a filin jirgi. Sannan a sayi inshorar lafiya wadda ta haɗa da ɗauko majinyaci da jirgi, irin aikin da likitocin AMREF ke yi a gabashin Afirka tun 1957, a kuma karanta sharaɗinta a kan shekaru da tsohon ciwo. In kuma tafiyar ta haɗa da ramin Ngorongoro na Tanzaniya, bakinsa ya haura mita 2,000 a sama da teku, iskar wurin ba ta da kauri, don haka mai ciwon zuciya ko huhu ya ambaci sunan wurin ga likitansa.

Bayan an dawo Mabera

'Yan sannu da zuwa za su cika gida, amma a sa ido a kan dattijo har mako uku. Shawara kan bayyana cikin kwana uku zuwa shida bayan cizo, maleriya daga mako guda zuwa sama, Lassa kuma har kwana 21. Shawara tana da yaudara: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya da amai na kwana uku ko huɗu, sai mutum ya ji sauƙi, sannan ga wasu ta dawo da ƙarfi cikin yini guda, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jini ya fara fita ta hanci ko baki. Kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Duk zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya a kai shi asibiti a ranar, a yi gwaji, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce an je Yankari. Kada a ba da asfirin ko ibufurofen, domin suna ƙara zubar jini, kada kuma a tsaya jiƙe-jiƙen saiwa in ido ya sauya launi.

Aikin aji

A zama na gaba kowane ɗalibi ya zo da kwalayen maganin da shi ko wani babba a gidansu ke sha, da katin rigakafi in akwai. Kowa zai rubuta takardar aljihu irin wadda aka bayyana a sama, da hannunsa, sannan ya ba na kusa da shi ya karanta da ƙarfi, a ga ko baƙo zai fahimce ta. Bayan haka a kasu gida biyu. Kashi na farko su tsara tafiyar kwana biyu daga Mabera zuwa Bauchi, su nuna garuruwan da za a tsaya da inda za a kwana. Kashi na biyu su lissafa mutanen gidajensu da suka haura shekara 44 a 2018, su binciko wa aka taɓa yi wa allurar shawara, wa kuma ba a yi wa ba.